Motar Da Muntasir Ya Zaɓa Mini

"Mota mai dabal," in ji Alhaji Jatau, "wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja a cikin rairayi. Ka samo ta, ka yi mini shekara guda kana kai kayana kasuwannin ƙauyukan yamma. Sannan mu zauna a kan maganar Wafa."

A ƙofar shagonsa na kasuwar Suk Libya da ke Omdurman ya faɗa mini haka, bai ko ɗago kai daga buhun sukarin da yake ɗinkewa ba.

Ban ga laifinsa sosai ba. Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare. Na yi ɗinki wata bakwai na gaji, na yi walda a Bahri har idona ya fara ruwa na gudu, sannan na yi shekara biyu ina jan raksha, keke mai ƙafa uku, a lungunan Umbadda. Ita kuwa 'yarsa Wafa saura mata wata huɗu ta zama malamar makaranta.

Na sayar da rakshar. Innata Laraba ta zare awarwaron zinarin da ta yi tun tana tsinkar auduga a Jazira, ta sa mini a tafin hannu, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Juma'a da la'asar na je in yi wa Wafa albishir. Ta fito ƙofar gida lulluɓe da jan tobinta, dogon mayafin nan na mata, idanunta sun fi tobin ja.

"Me ya faru?"

"Baba ya ce ba za ka je kasuwar motoci kai kaɗai ba, Sabitu."

"To da wa zan je?"

Ta kalli ƙasa. "Da Yaya Muntasir."

Sai na ji kamar an zuba mini ruwan lagireto a ƙirji.

Muntasir ɗan Gwaggo Kubra ne, ƙanwar Alhaji. Taubashin Wafa ke nan. Shekararsa takwas yana tuƙa motar Alhaji a daji, kuma duk unguwa an san uwarsa ta rantse ba shi da mata sai Wafa. Ni a ƙofar gida nake tsayawa, ina waige kada 'yan sandan nizam, masu sa ido a kan tarbiyya, su wuce su tambaye mu me muke yi. Shi kuwa kai tsaye yake shiga har madafa, ya buɗe tukunya, ya ce miya ba gishiri.

"Wato mutumin da ke son ya ga bayana shi zai zaɓa mini mota?"

"Ya san mota. Ya ce ka nemi mai shan gas, kada fenti ya ruɗe ka, kuma..."

"Yaushe ya ce?"

"Jiya."

"A ina?"

"A cikin gida mana. Ina soya albasa ya shigo."

"Kina soya albasa! Shekara biyu ina tsaye a nan kamar mai karanta mitar wuta, shi kuma yana can yana taya ki soya albasa, kuna hirata."

"Ni na tambaye shi," ta ce. "Don kai na tambaye shi."

"Kuma ya yi murmushi ya amsa, ko? Yaya Muntasir! Har wani daɗi sunan yake yi miki a baki."

Hawaye suka gangaro mata. Ba ta share ba.

"Ka san abin da nake gani a gidan nan? Kullum Gwaggo Kubra sai ta zo ta zauna a kan angarib, gadon igiyar nan, tun hantsi. Shekaranjiya ta kawo kwalbar turaren humra da tobi uku, ta ce a ajiye mini, wai tun ina goye aka yi magana. Mama ba ta iya ɗaga mata murya. Baba kunyarta yake ji. Ni kaɗai ce ke cewa a'a, Sabitu, ni kaɗai, har bakina ya gaji. Sai kuma in fito nan ka ƙara mini da naka?"

"Wafa..."

"In motar nan ta tsaya da kai a daji, kayan Baba suka lalace, shi ke nan an gama da mu. Gwaggo abin da take jira ke nan. Don Allah, don darajar Innarka, gobe ka saurare shi."

Na ce to. Amma tun kafin in kai bakin titi na riga na yanke shawara: duk motar da Muntasir ya yaba, ita zan guda.

*

Da safe Muntasir ya ɗauke ni a gindin gada. Dogo ne, rana ta gasa shi har ya yi sheƙi, da asuwaki a gefen baki.

"Mai raksha, ka karya?"

"Na ƙoshi."

"Kwayyis, da kyau. Wafa ta ce ba ka cin dafaffen waken ful sai da man riɗi. Na ce ashe ɗan gata ne."

Muka haye zuwa Bahri ina ta saƙe-saƙe. Wace rana ce kuma suka zauna suna maganar abincina?

Kasuwar motocin fili ce mai faɗi, motoci jere a rana, dillalai na bin mutum kamar ƙuda. Tun daga nesa na hango ta. Baƙa ce, doguwa, irin wadda manyan gwamnati ke shiga, gilasanta masu duhu. Na leƙa ciki: kujerun fata, na'urar sanyi, giya mai canza kanta. Nan take na ga Wafa a kujerar gaba, na ga Gwaggo Kubra ta saki baki a ƙofar gida.

Dillalin, wani gajere mai haƙorin zinari, ya dafa kafaɗata. "Ya zol, bawan Allah, idonka ya san abu. Matar wani babba ce ke zuwa biki da ita. Ko ƙura ba ta sani ba."

"Shi ne aibinta," in ji Muntasir.

Bai ko kalli kujerun ba. Ya tattare rigarsa, ya kwanta a ƙasa, ya shige ƙarƙashinta. Ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Cikinta a ƙasa yake. Nauyi ya yi mata yawa. Fetur take sha, kuma a inda za ka, fetur sai a kwalba, in an samu. In wani abu ya mutu a injin nan sai an aika Dubai. Wa zai jira ka, masu sayen sukari?"

Ya wuce can ƙarshen layi, ya tsaya gaban wata tsohuwar farar boks, akori-kura mai kujerar mutum uku. Fentinta ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa, an ɗaure madubin gefe da waya.

Wannan ma ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe. Na ji yana ƙwanƙwasa shasi da ɗan dutse, yana sauraro. Ya fito ya zaro sandar baƙin mai, ya murza a yatsa, ya sansana. Ya sa aka tayar da inji, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya duba ko ya yi baƙi. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa ruwan. Ya kama tayar gaba da hannu biyu ya girgiza.

"Ga motarka."

"Wannan? Ko jaki sai ya yi mata dariya."

"Shasinta ba a taɓa yi masa walda ba. Kai da ka yi walda, shiga ka gani. Gas take sha. Giyar hannu ce, in batir ya mutu mutum uku sun tura ta. Sifirinta ko maƙerin ƙauye zai gyara. Mai koyo ba ya fara da motar da zai ji tausayinta."

Na kalle shi, na kalli motar. A raina na ce, so kake in tsaya ƙofar gidansu a cikin wannan gwangwanin, kai kuma ka jingina da bango kana dariya.

"Baƙar nake so," na ce.

Ya juya asuwakin zuwa ɗaya gefen. "Halas, shi ke nan. Mu kai su rairayi duka biyun. Ba a sayen motar daji a kan kwalta."

*

Dillalin ya yarda da sharaɗin zai shiga baƙar tare da ni. Muka ratsa Omdurman, muka wuce Suk Libya da kasuwar raƙuma, har gidajen laka suka ƙare. Kwalta ta ƙare. Gabanmu sai jan rairayi da 'yan ƙayoyi, da wani tudu mai laushi da direbobi ke kira goz.

Muntasir ya tsayar da boks ɗin, ya sauko, ya tsuguna a gefen tayarsa yana wani abu. Ya ɗaga mini hannu in tsaya.

Ban tsaya ba. Na taka totur.

Da farko motar ta tashi kamar jirgi, sanyi na bugun fuskata, na ce yau zai ga mai raksha. Muna kaiwa rabin tudun sai ta fara nishi. Na ƙara takawa. Rairayi ya tashi ta baya kamar hayaƙi.

"Sassauta! Ya zol, sassauta!" dillalin yana dukan gaban mota.

Na ƙara takawa. Motar ta girgiza, ta zauna. Da na buɗe ƙofa, ƙasa na nan daf da ƙafata. Ta nutse har ciki.

Dillalin ya sauko yana salati yana zagin kakannina cikin Larabci. Muntasir kuwa ya ja boks ɗin ya hau tudun a hankali, ya wuce ta gefenmu kamar mai zuwa masallaci, ya juyo, ya ajiye ta a inuwar wata aduwa. Ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna.

Ya zuba mini ido. Jira yake in kira shi.

Na durƙusa na fara haƙa da hannu. Rairayin kamar an soya shi. Ina kwashewa yana komawa. Gumi ya shiga idona, tafin hannuna ya yi bororo, maƙogwarona ya bushe. Dillalin ya gaji da zagi ya tafi inuwa shi ma. Na hango su suna shan ruwa daga salka, suna hira.

Tunanina ɗaya: daren yau zai shiga madafa ya ba ta labari. Zai kwaikwayi yadda nake haƙa. Za ta rufe baki da gefen tobi don kada ta yi dariya, kuma za ta yi.

Rana ta take tsaka kafin in miƙe. Na taka zuwa inuwar.

"Ka zo ka fitar da ita."

"Wa kake yi wa magana?"

Na sunkuyar da kai. "Yaya Muntasir. Don Allah."

Ya miƙo mini salkar tukuna. Sannan ya sauko da shebur da wasu faifan ƙarfe biyu masu huji daga bayan boks. Ya tsinke ƙaya, ya danna bakin tayoyin baƙar motar ɗaya bayan ɗaya, iska na fita, har suka baje kamar ƙafar raƙumi. Ya haƙa gaban kowace taya, ya cusa faifan. Ya shiga, ya taɓa totur kamar mai tsoron tada jariri. Motar ta fito.

"Abin da na tsayar da kai in gaya maka ke nan," ya ce. "Rairayi ba ya son taya mai tauri, ba ya son mai fushi."

"Me ya sa kake taimakona?" Maganar ta fito da kanta. "Kai ma sonta kake yi. Kada ka ce mini a'a."

"Ban ce a'a ba. Tun tana rarrafe nake ɗaukarta a kafaɗa. Kai yaushe ka zo?"

Na dunƙule hannu. Ya kalli hannun, ya kalle ni.

"Amma mu direbobin daji ba ma yi wa mutum ƙarya a kan mota, ko da maƙiyi ne. Shekara uku da suka wuce mun tsinci wasu samari biyu a hanyar Hamra, kwana huɗu bayan motarsu ta tsaya. Sabuwa fil, ta fi wannan kyau. Ni na haƙa musu kabari da wannan shebur ɗin. In na bar ka ka sayi baƙar nan, wata rana ni za a aika in nemo ka. Sannan in dawo in kalli idon Innarka."

Na saki hannun da na dunƙule.

"Shiga boks," ya ce.

Ya nuna mini wani ɗan murfi a tsakiyar kowace tayar gaba, ya sa na murɗa su da hannuna, ya ce in ba a kulle su ba, dabal suna ne kawai. Ya nuna mini ƙaramar sandar giya da ke kusa da babbar. Ya zauna a gefena.

"Giya ta biyu. Kada ka canza a tsakiyar tudu. Kada ka taka birki, rairayi zai tsayar da kai da kansa. Bi sawun da na bari. A hankali, mai raksha, ba fasinja kake tsere wa ba."

Tsohuwar ta yi gurnani, ta kama ƙasa da ƙafafunta huɗu. Na ji ta a cikin sitiyari, tana ja, tana ja, ba ta ko haki. Da hancinta ya leƙa saman tudun, na ga daji shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Ban san lokacin da na yi ihu ba.

Sau biyar na hau na sauka. A na biyar bai yi mini gyara ko ɗaya ba har muka tsaya.

"Hannunka ba laifi," ya ce.

Wallahi a lokacin kunya ta kama ni. Na ce a raina na zalunci bawan Allah.

*

Bayan la'asar na tsayar da farar boks a ƙofar gidan Alhaji Jatau, takardunta a aljihuna. Yau kam ba a bar ni a waje ba. Aka shimfiɗa mana darduma a tsakar gida. Gwaggo Kubra na zaune a kan angarib can gefe, tana jan carbi, ba ta amsa gaisuwata ba sai da na maimaita.

Alhaji ya riga ya zagaya motar sau biyu, ya duba sifirin, ya daki taya da ƙafa.

"Muntasir, me ka gani?"

"Kawu, za ta kai shi, za ta dawo da shi. Ya kafe sau ɗaya, ya koya."

"Madalla."

Wafa ta fito da tiren jabana, baƙin kofin nan, turaren wuta na tashi a gefensa. Ta durƙusa tana zubawa a 'yan kofuna. Ta saci kallona, ta ga bororon hannuna, ta ga makullin, sai gefen bakinta ya motsa. Duk wahalar ranar ta bi iska.

"To Sabitu," in ji Alhaji, "jibi Litinin za ka ɗau hanya. Kasuwa bakwai ne, kowace da ranarta, kana gama zagaye ɗaya ka sake wani. Akwai ɗan'uwana a can da zai nuna maka hanya. Kwana ashirin da biyar a daji, biyar a gida ka yi lodi. Haka Muntasir ya yi shekara takwas."

"In sha Allahu, Baba. Tare za mu riƙa tafiya da shi ke nan?"

Gwaggo Kubra ta daina jan carbi.

"A'a," Alhaji ya ce, ya kurɓi jabana. "Ai dalilin da ya sa na matsu a sami wani ke nan. Uwarsa ta dame ni, ta ce daji ya cinye mata ɗa. Tunda ga mota ga direba, shi ya huta. Zai riƙe mini shago. Gidansu ya yi nisa da kasuwa, don haka na sa an share masa ɗakin zaure, nan zai zauna."

"Nan gidan?" Ban san na faɗa da ƙarfi ba.

"Gidan kawunsa ne," Gwaggo Kubra ta ce, karo na farko da ta dube ni. "Wafa, sai ki riƙa kai wa yayanki karin kumallo da wuri, kin san ba ya son shayi ya huce."

Butar jabanar ta karkace a hannun Wafa, baƙin ruwan ya malala a kan tire. Ta ɗago ta dube ni. Daga idonta na gane ita ma yanzu take ji.

Kwana ashirin da biyar a kowane wata. Shekara guda. Ni ina can ina haƙa rairayi, shi yana nan, bango ɗaya tsakaninsa da ɗakinta.

"Na ji ka yi shiru," in ji Alhaji. "In ba za ka iya ba ka faɗa tun yanzu, kada mu ɓata wa juna lokaci. Ka karɓa ko ka fasa?"

In na fasa, na tabbatar masa ni ne yaron da ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba zan sake taka ƙofar nan ba. In na karɓa, da hannuna na buɗe wa Muntasir ƙofar zaure.

Wafa na goge tire da gefen tobinta, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Ta girgiza mini kai kaɗan. Ban gane ba, kada in tafi take nufi, ko kada in fasa.

"Na karɓa, Baba."

"Allah ya yi albarka. A shafa Fatiha."

Muka shafa. Muntasir ya rako ni har bakin mota. Ya ɗaga mini ƙofar hagun ya rufe ta da kyau, ya sunkuyo ta taga, ya zare asuwakin daga bakinsa.

"Ka riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya," ya ce a hankali. "Motar kirki ce, Sabitu. Duk kasuwar nan na duba, ita kaɗai na tabbata ba za ta lalace ta dawo da kai gida kafin ranarka ba."

Ya daki rufin sau biyu, ya juya ya shige gidan ba tare da sallama ba.